Tarin Karen Baba

Ni dai ban taɓa son karen nan ba. Gara in faɗi haka tun farko, kada wani ya gyara zama yana zaton labarin mai son dabbobi zai ji. Fari ne, mai dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Duk ranar Juma'a da yamma in na sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu a Danchadi, sai ya taso ya shinshina gefen hijabina kamar yau ya fara ganina, ni kuwa in tattare tufafina in daka masa tsawa. Fiye da shekara goma muna haka da shi, bai gaji ba, ban gaji ba. Ko suna ba mu sa masa ba. Karen Baba muke ce masa, Baba kuma in yana nemansa ɗan gajeren fito yake yi, sai ka gan shi ya ɓullo.

Tun yana kwikwiyo Baba ya karɓo shi wurin wasu Fulani, don ya riƙa korar awaki daga garka, wato lambunmu na fadama inda muke albasa da rani. Aikinsa ke nan har lokacin da idon Baba ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Mun kai shi asibiti a Sakkwato, aka duba, aka ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran da maganin ɗigawa. Sauran kuwa bai taka kara ya karya ba. Yana bambance rana da inuwa, yana kuma iya tsintar farin abu in yana kan baƙar ƙasa. Fuskokinmu duk sun ɓace masa, da murya yake gane mu.

To hanyar garka ba ta mai ciwon ido ba ce. Akwai tsofaffin rijiyoyi marasa murfi, akwai magudanan ban-ruwa da ake sake musu wuri kowace shekara, ga tiyo a shimfiɗe ko'ina. Ba wanda ya koya wa karen nan komai. Haka kawai aka ga ya daina rugawa ya bar Baba a baya. Bayan sallar asuba in gari ya fara haske sai ya shiga gaba a hankali, Baba na bin farinsa da sanda. In sun zo magudana ya tsaya har Baba ya tsallaka. In sun isa, Baba ya tsuguna cikin fangali, wato kwamin shuka, ya shiga aiki da hannu, don yatsunsa sun san ciyawa sun san albasa, kunnensa kuma ya san ƙarar ruwa in fangali ya cika. Tun rasuwar Inna garkar nan ce hirarsa, ita ce kasuwarsa. In ya dawo da azahar da laka a ƙafa, har muryarsa ta fi ƙarfi.

Yayana, wanda shi ke riƙe da gidan, bai taɓa son wannan tafiya ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, shi kuma bai iya tsoro a shiru ba, sai da faɗa. Ya so a sa wani ya riƙa yi wa Baba jagora, Baba ya ce shi ba za a ja shi da sanda ana kallonsa ba, ba a gidan duniya ba. Da abin ya ishi Yaya, sai ya tsaya tsakar gida wata rana ya ce:

"Baba, ni na hwaɗi, kowa shi jiya. Ranad da karen ga yab bar tahiya, kai ma ka bar garka. Ba mu zura ido ka hwaɗa rijiya, mutane su ce ɗiyanka sun yashe ka."

Baba ya ce, "Na jiya."

Daga ranar kowa a gida ya san zuwan Baba garka a ƙafar karen nan yake.

Ni a lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Lambara, a ƙasar Shagari. Awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafin yara, su ne aikina, sai kuma faɗa, wanda ba a rubuce yake a takardar aikin ba amma na fi ƙwarewa a kansa. Faɗan da na fi yi shi ne na kunun kanwa. A wajenmu in mace ta haihu sai a riƙa dama mata shi safe da yamma har ta yi arba'in, wai yana wanke ciki yana kawo nono. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. In zuciyar mace ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki, ruwan nan sai ya fi ƙarfinta, ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, ruwa ya taru a huhu. Na sha gani da idona. Na yi faɗa a kai har tsofaffin matan garin in sun hango ni sai su ce ga mai gaba da kanwa nan tafe.

Wata Juma'a a farkon sanyi, an gama dashen albasa ke nan, na dawo gida na durƙusa ina gaida Baba a zaure. Likita yake kirana don tsokana, ko da yake na sha gaya masa ni ba likita ba ce.

Ya ce, "Likita, karen ga ba shi kwana. Da rana lahiya lau, shina tahiya, shina ci. Amma da yak kwanta da dare sai tari. Sai shi tashi zaune, nan shika kai asuba."

Na gaji ranar, na karɓi haihuwa biyu, ga kabu-kabu ya jijjiga ni tun daga Shagari. Na ce, "Haba Baba, ni mutane nika dubawa, ba karnuka ba. Ƙashi na ya laƙe mai a wuya. Wa ya san abin da yac ci a bola?"

Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

A daren na ji tarin da kunnena, don a bayan ɗakin Baba karen ke kwana, katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin da nake sauka. Busasshen tari ne, sau huɗu sau biyar a jere, a ƙarshe ya yi kakari kamar zai amayar da wani abu, ba abin da ke fitowa. Haushi na ji. Na ja filo na toshe kunne, ina cewa mutum ya baro masu naƙuda ya zo kuma kare ya hana shi barci. Da safe na leƙa na gan shi a gaban Baba sun kama hanyar garka kamar kullum, sai na ce ka gani, lafiyarsa ƙalau.

Maganar ƙashi da na yi ita aka bi, tunda likita ce ta faɗa. Matar Yaya ta riƙa zuba masa man gyaɗa a sauran tuwo don ƙashin ya sulale. Mako biyu ana haka, tari bai san ana yi ba. Ranar Lahadi ina shirin komawa wurin aiki Baba ya kira ni.

"In kin biya kasuwar Shagari ki sawo min jar kanwa. Ko doki in shina tari ita aka ba shi."

Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Duk mai saniya, duk mai tunkiya, yana jiƙa wa dabbarsa kanwa, kuma tun kaka da kakanni haka ake yi. Ni ma ban ji wani abu ya motsa a raina ba. Na je kasuwa na tsaya wurin masu kanwa, na zaɓa, har na ɗan taɓa a harshe in ji ko mai kyau ce, aka ƙulle mini mai yawa a leda. Ni ɗin nan dai da ke ƙwace kofin kunu daga hannun mai jego. Na kawo na miƙa wa Baba, ya sa mini albarka.

Wajen mako uku bayan haka na dawo na tarar da Baba cikin fara'a.

Ya ce, "Likita, kanwa ta karɓe shi. Taɓa cikinai ki ji, ya yi ƙiba."

Ban taɓa ba, daga nesa na duba. Cikin kuwa ya yi tulu. Amma ƙashin bayansa a fili yake, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Na ga wannan, na ga wancan, ban haɗa su ba. Yaya da ke gefe yana gyaran injin ban-ruwa ya ce ƙiba ce ta sa shi lalaci, yanzu sai ya tsaya sau uku kafin su kai garka. Na tambaya ko tarin ya yi sauƙi, Baba ya ce a'a, sai dai ma ya ƙaru, amma ai magani in zai yi aiki sai ya fara tayar da ciwo. Na ce Allah ya sawwaƙe, na shige ciki neman abinci.

Ranar Laraba da hantsi, a wurin aiki, wata tsohuwa ta kawo surukarta, mako uku da haihuwa. Yarinyar ta kasa kwanciya a gadon awo, a zaune take tana haki, ta dafe gwiwoyi. Na danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

Tsohuwar ta ce, "Malama, da rana da dama-dama. Amma da tak kwanta da dare sai tari. Sai ta tashi zaune, nan taka kai asuba jingine da bango."

Nan take na hau ta. "Iya, kunun kanwa kuka ba ta, ko? Sau nawa zan hwaɗi? Kuna gani tana kumburi kuna cewa jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba..."

Ban ƙarasa ba. Na tuna na ji wannan bayani kalma da kalma a zauren gidanmu, daga bakin Baba, kuma na san wadda ta sayo kanwar. Tsohuwar ta zuba mini ido tana jiran sauran faɗan, ni kuwa kunya ta rufe ni. Gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na sassauta murya na yi mata bayani, na rubuta takarda, muka samo mota aka wuce da yarinyar babban asibiti. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, ta warke, har ta sake kawo mini awo bayan shekara biyu. Ni kuwa ina tashi daga aiki na bar wa abokiyar aikina makullai, na tari kabu-kabu zuwa Danchadi.

Bayan la'asar na isa. Karen na inuwar zaure, kuma a karo na farko bai taso ya shinshina ni ba. Ba a kan haƙarƙari yake kwance ba, a kan ƙirji yake, ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, cikinsa na hawa da sauka da sauri. Yaya na zaune a dakali da maƙwabta biyu. Na gaishe su a tsaye, na buɗe jaka na ciro abin sauraren ƙirjina, na durƙusa gaban kare.

Yaya ya miƙe. "Ke! Abin da kika aza ma mata masu ciki, shi za ki aza ma kare?"

Na ce, "Yaya, sabulu bai ƙare ba a duniya. In na gama na wanke."

Baba ya leƙo daga zaure yana tambayar muryar wa yake ji ranar Laraba. 

Ranar hannuna ya fara taɓa karen nan. Jikinsa da ɗumi, gashinsa ya fi yadda nake zato laushi, kuma bai ko motsa ba, sai ido da ya ɗago ya dube ni. Na aza abin sauraren a bayan ƙafarsa ta gaba ta hagu. Zuciyar na gudu, kuma tsakanin bugu da bugu akwai wani sauti, shuu, shuu, kamar tiyon da ya huje. Na matsa sama wajen huhu, na ji ƙananan ƙara kamar an watsa gishiri a wuta. Na buga cikin da yatsa a gefe ɗaya, na ji ruwa ya taɓo tafin hannuna a ɗaya gefen. Ba ƙiba ba ce. Da mutum ne a gabana da tun ranar farko na gane.

Na tashi na nemi kwanon da ake jiƙa kanwar, na same shi a gindin katanga, na kifar da shi.

Baba ya ce, "Likita, mi na?"

"Zuciya ta, Baba. Kada a sake ba shi kanwa."

 Can ya ce, "Kare na da ciwon zuciya?"

Na ce, "Ni ma sai yau na sani."

Gaskiya na faɗa. Na san yana da zuciya kamar yadda na san rago na da ita in an feɗe shi da sallah. Amma cewa tana tsufa, tana gajiya, tana kasawa kamar tamu, wannan bai taɓa zo mini a rai ba.

Akwai wani likitan dabbobi a Bodinga da na taɓa karɓar haihuwar matarsa. Na kira shi. Ba ɗan kabu-kabun da zai yarda ya ɗauki kare, don haka shi ya taso da kansa washegari a babur ɗinsa. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shanu da raguna ne yawancin aikinsa, ba a cika kiransa don kare ba, in ma an kira sai abu ya yi nisa. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya daɗe yana sauraren ƙirjin karen, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya matsa cikin.

Ya yi wa Baba bayani dalla-dalla. Ya ce a cikin zuciya akwai wata 'yar ƙofa da ke rufewa bayan jini ya wuce. In kare ya tsufa takan sassauce, jini ya riƙa komawa baya, zuciyar ta kumbura ta danne hanyar iska, ruwa kuma ya taru a huhu da ciki. Da rana yana tsaye yana motsi, abin bai cika nunawa ba. In ya kwanta ne yake jin kamar ana shaƙe shi, shi ya sa yake tari ya tashi zaune. Ya ce ba kowane tarin dare ne zuciya ba, akwai na tsutsa, akwai na maƙogwaro. Amma tsohon kare da ke tari in ya kwanta, yana saurin gajiya, ga ciki na girma, wannan a nemi mai dubawa tun da wuri.

Baba ya ce, "Shina warkewa?"

"Ba shi warkewa, Baba. Amma ana sauƙaƙa mai."

Ya ba da ƙwayoyi iri biyu, ɗaya na rage ruwa, irin wanda muke ba mutane sai dai awon ya bambanta, ɗaya na taimakon zuciya. Ya hana gishiri, ya hana sauran miya. Ya koya wa matar Yaya ƙirga numfashinsa in yana barci, ya ce in ya wuce talatin a minti ɗaya a kira shi. Sannan ya ce a bar shi ya huta, ban da doguwar tafiya. Da ya faɗi wannan na saci kallon Yaya, Yaya ya kau da kai.

Na raka likitan wurin babur ɗinsa, na tambaye shi maganar kanwa a hankali. Ya ce ba ita ta kawo ciwon ba, ciwon ya daɗe yana tafe. Amma ta ɗora wa zuciyar kayan da ba ta iya ɗauka. Na so ya tsaya a rabin farko, shi kuma ba mai rage gaskiya ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki, Baba da kansa ya ce, "To mu zauna gida, ni da shi." Kwana uku bai je garka ba. Maganin kuwa ya yi aiki. Karen ya yi ta fitsari, cikin ya saɓe, tarin ya ragu har aka yi dare guda ba a ji shi ba. A rana ta huɗu da sassafe Yaya ya kira ni a waya yana ta sababi. Wai tun asuba karen ya je ƙofar zaure ya tsaya. Baba ya ƙi tashi. Karen ya yi gaba kaɗan, ya waiwayo, ya dawo, ya sake yin gaba. A na ukun Baba ya lalubi sandarsa. Na kira likitan na gaya masa, ya ce a bar su su je a hankali, don tsare shi yana ta zirga-zirga a ƙofa ma ba hutu ba ne.

Ranar Asabar na bi su. Tafiyar da a da ba ta fi ta shan fura ba, ranar sai da muka yi kusan awa guda. Karen ya yi 'yar tafiya ya tsaya yana haki, Baba ya tsuguna kusa da shi ya jira. Ba ya gaggauta shi, ba ya yi masa fito. In na matsa sai ya ce, "Bari shi huta, ba mu sauri." Shekara da shekaru karen ke jiran Baba a bakin magudana, yanzu Baba ke jiransa a tsakiyar hanya. Tausayinsu ya kama ni su biyun, har hawaye suka zubo mini, ina ta ƙoƙarin kada a ji.

Baba ya juyo ya ce, "Likita, mura kika yi?"

Na ce sanyin fadama ne.

Dawowa ce matsala, don da azahar rana ta yi zafi, karen ba ya iyawa. Yaya ne ya warware wannan, shi da ya fi kowa faɗa. Ya ɗauko baron da muke kwasar albasa, ya shimfiɗa buhu, ya ɗaga karen da hannunsa ya sa a ciki, ya tura a gaba a hankali, Baba na bin farin da ke cikin baro. Mutanen fadama suka yi ta dariya, wani ya ce yau ga kare ya yi sarauta. Yaya ya tsaya ya wanke mutumin tas, har sai da aka ba shi haƙuri. Kullum da azahar zai bar abin da yake yi ya je ya turo su. In an tambayi Baba sai ya ce shi karensa yake bi, bai san wanda ke tura baro ba.

Wata biyu muka samu a haka. Ni ma na canza. In na sauka ranar Juma'a, kafin in cire hijabi sai na durƙusa na saurari ƙirjinsa, har na saya masa abin saurare nasa daban don Yaya ya huta da magana. Kowane mako ina jin zuciyar na ƙara rauni, ban gaya wa Baba ba, bai kuma tambaye ni ba. Albasa ta yi kai, lawashi ya fara kwanciya, Baba na cewa in Allah ya kai su cira, to sun gode.

Saura kamar mako guda a fara cira, wata Talata, suka isa garka lafiya. Karen ya kwanta a gindin mangwaro inda ya saba, Baba ya shiga fangali. Da rana ta take ya yi fito, shiru. Ya sake yi. Sai ya lalubo hanya da sanda har gindin bishiyar, ya same shi a kwance kan haƙarƙari, yadda ya daɗe bai iya kwanciya ba. Maƙwabcin garka ne ya kira Yaya. A wurinmu in kare ya mutu igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi bayan gari. Baba ya ce ba za a ja wannan ba. Da fartanyarsa ya fara haƙa a gefen garka, Yaya ya karɓa ya ƙarasa. Ina wurin aiki, a waya na ji.

Kwana biyu bayan haka aka tashi ba a ga Baba ba. Ya fita bayan sallar asuba shi kaɗai da sandarsa. Sai da hantsi Yaya ya same shi zaune a cikin tattasan wani, nesa da garkarmu, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya faɗa magudana ya kurje hannu. Bai kira kowa ba, yana zaune kawai yana jira. Kowa ya zaci Yaya zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya tsuguna gabansa ya ce:

"Baba, na janye maganata. Ni zan riƙa sa hwarar riga in shiga gaba kullum, ba na riƙe maka sanda, ba wanda zai ce jagora na."

Baba ya girgiza kai. "Kai kana da aikinka, kana da ɗiya. Shi ba shi da wani aiki sai ni."

Baba ya miƙa wa Yaya fartanyarsa. Ranar ya yarda aka riƙe hannunsa har gida, kuma bai sake zuwa garka ba. Albasar da ya dasa da hannunsa a buhu aka kawo masa ita zaure, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana jin girmanta.

Da na dawo ranar Juma'a na same shi a zaure, ya rame a mako ɗaya. Na zauna kusa da shi, abin da ke cina tun ranar Larabar nan ya ƙi barina. Na ce:

"Baba, ka yahe min. Tun ranad da ka hwaɗa min tarin nan ya kamata in gane. Aikina na. Kuma ni na sawo kanwar."

Ya juyo wajen muryata. Sannan ya ce:

"Ke kin sawo, ba ki nan sadda anka ba shi. Ranar hwarko ƙi yay yi. Ya shinshina ya kau da kai, har sau uku. Ni na riƙe kwanon, na yi mai hito, na ce sha, magani na. Sai yas sha. Kullum haka. Da wani ya miƙa mai, ba shi sha."

 Na kama hannunsa, wanda ya kurje, muka zauna a haka har aka kira magariba.